Dutsen da Bassu Ya Hana A Taɓa

Da sanyin safiya aka fara ruwa ran nan, yayyafi mai laushi, ba iska ba tsawa, bai ɗauke ba sai bayan azahar. Mun daɗe ba mu ga irinsa ba. Yara suka fito suna tsalle, mu manya kuwa muka tsaya bakin ƙofa muna kallo kawai, don mun san bai isa ya kai saiwar dabino ba. Ina zaune a rumfata ta faci, bakin hanyar da ta yi kudu daga garin Risani, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne warin roba.

Wajen la'asar motar Hammu ta dawo daga hamada. Kullum sai ta tsaya wurina a ƙara wa tayoyi iska, saboda sukan rage ta idan za su shiga rairayi. Ran nan ta wuce ba ko gaisuwa. Can sai ga Bassu, mijin ƙanwar Hammu, yana tahowa a ƙasa. Kansa ba rawani, ya rungume rawanin a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Bai shigo ba, ya tsaya daga waje.

"Addi, akwai maganaɗisu a jikinka?"

Na ce, "Me zan yi da shi? Taya nake liƙewa."

"Rediyon nan fa, da nasa a ciki. Kai shi can baya."

"Kai, Bassu, ruwan ne ya taɓa maka kai?"

"Kai shi dai, don Allah."

Na tashi na kai. Sai ya shigo, ya zauna kan tsohuwar taya, ya buɗe rawanin a hankali. Dutse ne kamar dunƙulen hannu, baƙi wuluk, fatarsa sumul, da 'yan lotsa-lotsa kamar an danna ƙullun burodi da yatsa. Duk wanda ya girma a nan ya san dutsen da ya faɗo daga sama idan ya gan shi. Na miƙa hannu, ya ce hannu ba komai, ƙarfe mai ja ne kawai ba ya so.

Bassu ba da neman duwatsu ya tashi ba. Aikin gidansu yasar magudanar ƙarƙashin ƙasa, waɗannan rijiyoyin da ke jere tun daga gindin tsauni har gonaki. Tun yana saurayi ake zura shi da igiya, fitila a hannu, ya yi ta kwashe laka a cikin duhu ruwa na dukan gwiwarsa. Ya taɓa gaya mini cewa ruwan bai tafi rana ɗaya ba. Daga gwiwa ya koma ƙwauri, daga ƙwauri ya koma idon sawu, har aka zo shekarar da ya shiga ya fito ƙafarsa a bushe. Dabinon gidansu ya mutu a tsaye. Ɗansa Idir ya tsallaka Sifen yana aikin gona a can. Shi kuwa Bassu, da furfura ta riga ta fito masa, ba inda za shi, sai Hammu ya ce ya zo ya riƙa shiga motarsa.

Haka suka yi shekaru. A fita da garin burodi da shayi da jarkar ruwa, a yi kwanaki ana tafiya a kan tsakuwa, kai a sunkuye. Galibi ba a samun komai. Bassu ba mai surutu ba ne, kuma ban taɓa ganin yana son aikin ba. Yakan ce a da yana neman ruwa a ƙasa, yanzu yana neman abin da sama ta zubar.

Kowane mai neman dutse yana da maganaɗisunsa, wani a ɗaure bakin sanda, wani a rataye da zare a wuya. Da shi ake sanin dutse. Wanda ya ja da ƙarfi, gama-gari ne. Wanda ke da baƙar fata amma ya ƙi ja, ko ya ja kaɗan, shi ne ake yi wa addu'a, don yana iya zama na duniyar wata ko na Mirrihi, jan tauraron nan. Kuma abin ya wuce gwaji, ya zama kamar gaisuwa. In ka nuna wa mutum dutse, sai ya ciro nasa ya manna, ya gyaɗa kai, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya manna. Dutse ɗaya sai ya zagaya shayi kamar kofi. In ka hana, ko dai kana cewa dutsenka jabu ne, ko kana cewa mutumin ba ka yarda da shi ba.

Wanda ya kawo wa Bassu damuwa wani malamin jami'a ne daga arewa, Si Abdulhak, wato Malam Abdulhak, mai nazarin duwatsu. Yakan zo idan sanyi ya wuce, kafin zafi ya kankama. Wata shekara tayarsa ta yi faci, ya zauna jira a rumfata, Bassu na nan, na ɗora shayi. Hira ta yi daɗi, malamin ya ce ai Mirrihi ma kamar nan take. Ya ce an ga hanyoyin koguna a jikinta, busassu, da gurbin tafkuna.

Bassu ya ajiye kofinsa. "To ina ruwan ya tafi, Si Abdulhak? Ƙasa ya yi ko sama?"

Malamin ya yi dariya, ya ce, "Wallahi tambayar da ake ta yi ke nan. Wasu sun ce duwatsu suka shanye, yana can ƙasa. Wasu sun ce sama ya yi. Wataƙila ya rabu biyu. Nawa ya yi nan, nawa ya yi can, ba mu sani ba."

"Duk da na'urorin nan da kuke turawa?"

"Duk da su."

Sai ya yi mana bayani, ni dai ga abin da na riƙe. Wai ita ma Mirrihi da can tana da jan maganaɗisu a cikinta kamar duniyarmu, shi ke yi mata garkuwa daga abin da rana ke hurowa. Jan ya mutu, iskarta ta riƙa zurarewa. Yaushe ya mutu, yaya ƙarfinsa yake a da, har yanzu ana gardama. Ya ce dutse idan ya huce yana riƙe alamar jan da ya tarar, kamar yadda laka ke riƙe sawu. Don haka dutsen da ya faɗo daga can yana iya zuwa da labarin a cikinsa.

"Ai kuwa an sha samun su a nan," in ji Bassu.

"An sha samu. Amma kafin su iso hannunmu an goge sawun." Ya nuna zaren da ke wuyan Bassu. "Wannan abin, taɓawa ɗaya ta isa. Ba laifinku ba ne, ni ma da ni ne ku, da na taɓa. Na roƙi mutane da yawa, kowa ya ce to, amma hannu ya riga ya saba."

Bassu ya daɗe yana kallon zaren. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Daga lokacin dai na ga ya canja. Idir ya turo masa waya mai hoto, ya riƙa zuwa rumfata yana kunna masu bayanin taurari da Larabci, ya ji rabi ya rasa rabi. Wata rana ya ce mini, "Addi, ka san wai mafi yawan abin da ke riƙe da taurari ba a ganinsa, kuma ba a san mene ne ba?" Na ce ni abin da ke riƙe da tayar nan ma da ƙyar nake ganinsa. Ya yi murmushi. Waɗannan manyan tambayoyin ba su dame shi sosai ba. Kullum zancen yana komawa kan ruwan Mirrihi.

To ran da aka yi ruwan nan, yayyafi ya wanke tsakuwa, baƙin dutsen ya fito yana ƙyalli. Bassu ne ya fara ganinsa. Ya ce hannunsa har ya kai wuya, ya tuna, ya cire zaren ya jefar can nesa, ya naɗe dutsen. Hammu ya iso da sandarsa, Bassu ya juya masa baya. A hanyar dawowa Hammu ya tsaya kafin gari ya ce masa ya sauka.

Na ce, "To kai yanzu ka san na ina ne?"

"Ban sani ba."

"Kuma ba za ka gwada ba?"

"In na gwada na sani, amma shi ke nan ya zama bebe. Zan jira Si Abdulhak."

Lokacin sanyi yanzu ya fara. Malamin ya ce a waya ba zai samu zuwa ba sai lokacinsa, kuma kada a aiko da shi a motar haya, a bi ta hannu da hannu.

Washegarin ruwan Hammu ya zo rumfar, ya tarar da mu. Hammu dogo ne mai murya, ya girmi Bassu, kuma mutumin kirki ne, ban yarda a ce ba haka ba. Shi ya riƙe gidan ƙanwarsa lokacin da ruwa ya ƙafe.

"Ina amaryar taka?" ya ce wa Bassu, yana nufin dutsen. "Ko ita ma sai an biya kafin a ga fuskarta?"

"Dadda Hammu, ga shayi," in ji Bassu, yana kiransa yadda ake kiran yaya a nan.

"Ban zo shayi ba. Tare muka fita, man motata aka ƙona, abin da aka samu namu ne mu biyu. Haka ake yi ko ba haka ake yi ba, Addi?"

Na ce haka ake yi.

"Ban ce ba naka ba ne, Dadda," in ji Bassu. "Ka riƙe shi, ka shinshina shi, ka kwana da shi in ka so. Sandar ce kawai."

"Sandar nan ta ciyar da gidanka."

"Ta ciyar."

"Duwatsu nawa na taɓa da ita? Turawa sun zo sun karɓa suna rawar jiki, sun kai ƙasashensu sun sa a gilashi. Yau kuma wani mai tabarau ya sha shayin Addi ya ce mu ɓata su muke yi? Wato tun da nake, ɓarna nake yi?"

Daga baya na gane wannan ce ta fi yi wa Hammu ciwo, ba rabon ba.

"Kai da ko sunanka sai da yatsa kake sawa, me ya haɗa ka da ruwan Mirrihi? Za ka ja shi da guga ne ka ba dabinonka?"

"A'a. So nake na ji ko ƙasa ya yi ko sama."

"In ka ji fa?"

"Na ji ke nan."

Hammu ya dube ni, ya buga tafin hannunsa a cinya, ya fita.

Labari ya bazu. A kasuwa mutum ya tare Bassu da fara'a, ya ce, "Allah ya sa albarka, mu gani mana," hannunsa na kan zare. Da ya ce a yi haƙuri, fuskar ta canja. Wasu suka ce ya tsinci gawayi ne yana jin kunya. Wasu suka ce ya riga ya yi magana da wani ɗan kasuwa a garin Arfud yana so ya cuci surukinsa. Masu barkwanci suka sa masa suna Liman Mirrihi. In ya zo wucewa sai a ce, "Liman, yau an yi ruwa a can?" Ya ce, "Ban samu labari ba," ya wuce.

Baƙi suka dame shi a gida, kowa ya zo gaisuwa da abinsa a wuya, sai ya rasa inda zai ajiye dutsen. Ƙarshe ya ɗauki igiya ya je ɗaya daga cikin busassun rijiyoyin, ya sauka da kansa, ya sa shi a ƙoƙon bango inda yake ajiye fitila a da. Ni na riƙe masa igiya. Da ya fito, ya zauna bakin rijiyar yana haki, ya ce a da yakan hau nan yana waƙa.

Wadda abin ya fi ci ita ce matarsa Tuda. Gidan yayanta na ƙarshen layi, ranar Juma'a kullum a can suke cin kuskus. Aka daina kiransu. Wata safiya ta zo rumfar da kwanon burodi, ta ajiye, ta tsaya a kan Bassu.

"Baban Idir, dutse ne fa."

"Dutse ne."

"Shi kuma yayana ne. Ka ba shi ya manna abinsa, kowa ya huta. Wa zai sani?"

"Malamin zai sani. Na'urarsa za ta nuna."

"To ya sani mana! Shi zai ɗauki gawarka ko Dadda?"

Bassu ya gutsuri burodin, bai ci ba. Ta juyo wurina ta ce, "Kai ma Addi, da shayinka." Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Ba ta sake tayar da maganar a gabana ba, amma ta rame a sanyin nan.

Dattawa suka zauna a kan maganar wata Juma'a bayan salla, a jikin bangon masallaci. Suka ce hakkin Hammu a fili yake: ko a bar shi ya gwada, ko a raba dutsen biyu kowa ya yi yadda ya so da nasa. Bassu ya ce ya yarda a raba, amma a bari malamin ya zo ya yanka da kayan aikinsa. Hammu ya miƙe ya karkaɗe jallabiyarsa.

"Ba na son rabi. Na bar masa duka, ku shaida. Amma mutumin da ke ɓoye mini dutse a rijiya ba zai ƙara shiga motata ba."

Limamin masallacin ya ce, "Bassu, ka ji. Har yanzu da sauran gyara."

Kowa ya zuba masa ido. Ba wata mota da za ta ɗauke shi in Hammu ya sauke shi, shi ma ya sani. Ya ce, "Na ji. Allah ya saka maka da alheri, Dadda, a kan abin da ya wuce." Shi ke nan aka tashi.

Sauran sanyin a rumfata ya ƙare shi, yana taya ni riƙe taya. Motar Hammu ta riƙa zuwa shan iska, Bassu ya matsa gefe, su gaisa a taƙaice.

Da Si Abdulhak ya zo, muka je rijiyar mu uku. Wannan karon da ƙyar Bassu ya fito. Malamin ya karɓi dutsen da hannu biyu, ya juya shi, ya tambaya, "Ba wanda ya taɓa? Ko sau ɗaya?" Bassu ya ce ba ko ɗaya. Malamin ya rungume shi. Na lura bai ce komai a kan asalin dutsen ba, ya ce dai sai an yanka an duba, ya sa shi a wani akwati ya tafi.

Sai da zafi ya kusa wucewa ya kira. Bassu ya sa wayar a fili don ni ma na ji. Malamin ya ce dutsen lafiyayye ne, sawun na nan ba a goge ba, abin da ba kasafai suke samu daga wajenmu ba. Amma ba na Mirrihi ba ne. Gama-gari ne, guntun wani ƙaramin abu da ya farfashe tun da daɗewa. Ya ce wataƙila zai taimaka wajen wata tambayar, ta yadda aka yi ƙura da tsakuwa suka dunƙule suka zama duniyoyi, wadda ita ma ba a gama sani ba. Ya ce aikin zai ɗauki shekaru.

"To ruwan fa?" in ji Bassu.

"Wannan dutsen bai san zancen ruwan ba, Si Bassu. Ka yi haƙuri."

"Ba komai. Allah ya taimaka."

Ya kashe wayar, ya sa a aljihu. Na zuba masa shayi. Can ya ce, "Na aika da tambaya ɗaya, an dawo mini da wata." Ya sha shayinsa har ƙarshe.

Hammu ya ji, kamar yadda kowa ya ji. Ya zo shan iska, ya leƙo ta tagar mota.

"Gama-gari, ko? Da ka bar ni na manna, da tun ran nan na faɗa maka."

"Gaskiyarka, Dadda."

"To me ka samu?"

"Ba a goge shi ba."

Hammu ya girgiza kai. Ya ɗan jima bai tayar da mota ba, na ɗauka zai ce wa Bassu ya shigo. Sai ya ce a gaya wa Tuda ta zo Juma'a, ita da wanda ta ga dama, ya ja motarsa. Sun koma cin kuskus tare tun daga lokacin, amma maganar mota ba ta sake tasowa ba, kuma Bassu bai roƙa ba. Ko da an ce ya shigo, ban ga gwiwar da zai yi tafiyar da ita ba.

Na taɓa tambayarsa ko da ya san haka abin zai ƙare zai bari a taɓa. Ya ce ai matsalar ke nan, ba yadda za a yi ya sani. Masu neman dutse a nan har gobe suna manna abinsu, ban ga wanda ya daina ba.

Bassu yanzu gadin famfo yake yi a wata gonar kankana da ke gabas da gari, irin masu jan ruwa daga can ƙasa da hasken rana. Yanar ido ta kama idonsa na hagu, an ce za a yi masa aiki idan Idir ya zo hutu. Yana zaune da Tuda a gidansu na da, ranar kasuwa yakan biyo ta rumfata.